Tebur Huɗu, Umarni Ɗaya

Litinin, da safe

Ciyaman ya tare ni a wurin ajiye motoci ina fama da motata ta ƙi tashi. Ko gaisuwa babu, ya sunkuyo ta taga da turaren nan nasa mai hawa kai, wai kwamitin gida ya gaji da jirana a kan maganar waɗanda suka tashi. Na ce na ji.

Ni na gina musu rumbun bayanan ƙofar ginin nan shekarar da muka tare, ba wanda ya ba ni ko ruwan sanyi. Kowa da katinsa, ka ɗora a na'ura, koriyar fitila ta kama, ƙofa ta buɗe. Shekara da shekaru abin yana aiki ba wanda ya ce sannu. Sai watan jiya da tsohon ɗan hayan hawa na biyu ya dawo da katinsa ya kwashe injin wankin da ya ce nasa ne, sannan kowa ya tuna akwai wani wai shi Injiniya, wato ni. Kuma laifin sakatare ne. Ya goge sunan mutumin daga teburin mazauna, wato jerin sunayensu a rumbun, ya bar katinsa da rai a wani teburin. Amma wa zai faɗa wa sakatare, ƙanin matar Ciyaman ne.

Yanzu so suke in rubuta umarni ɗaya da zai cire mutum gaba ɗaya, shi da duk abin da ke rataye da shi, kada a sake barin wutsiya. Kuma duk katin da aka goge, na'ura ta ƙi shi har abada.

Da zai tafi ya yi gyaran murya ya ce, "Sai kuma na ɓangarenka, katin uwargida, in ka ga lokaci ya yi."

Na ɗaga gilashi.

Litinin, da yamma

Ba ni na ce ta tafi ba.

Talata, lokacin cin abincin rana

A ofis na ɗauki kwafin rumbun na sa a kwamfutata, don ba a gwajin gogewa a kan na gaskiya. Tebur huɗu ne: mazauna, motoci, katuna, yara. Kowane layi a sauran ukun yana riƙe da lambar wani mutum da ke teburin mazauna. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana gogewa, wuta ta ɗauke ko waya ta yi ƙara ka manta na uku, ka bar kati ba mai shi, irin aikin sakatare ke nan. Don haka sai a haɗa teburan huɗu ta wannan lambar, a ce da shi ya share duk layin da ya dace a bugu guda.

Na rubuta, na gwada da gidajen da suka tashi. Masu iyali sun tafi tas. Gwauron hawa na huɗu ya ƙi goguwa, yana nan daram. Na zauna ina hararar allo kafin na gane: ba shi da mota, ba shi da yaro, ni kuma irin haɗin da na yi sai wanda yake da layi a duka huɗun yake kamawa. Mutumin da ba shi da kowa ko gogewa ba ta samunsa. Na sauya haɗin ya zama ko da ɗaya gefen wayam ne a kama shi. Ya tafi.

Abokin aikina na kusa ya leƙo ya tambaya ko aikin kamfani ne. Na ce masa aikin ubansa ne. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Laraba, da safe

Matar hawan sama ta same ni a matakala. Ta yi min sannu har sau uku da muryar nan ta masu zuwa dubiya, ta tambayi 'yata Ɗigo, ba ta tambayi uwarta ba, wai ita mai hankali. Ranar faɗan nan ita ce ta fara buɗe ƙofarta. Na ji ƙarar sakatarta tun kafin in rufe bakina. Duk abin da ginin nan ya sani daga bakinta ya fito, kuma na tabbata ta ƙara masa gishiri.

Ƙofar kabad ɗin kicin har yanzu tana jingine da bango. Zan gyara.

Alhamis, da yamma

Mama ta kira. Ban ɗauka ba. Ta sake kira. Na san abin da za ta ce, in je in sami surukaina, in sassauta harshe, namiji ba ya raguwa don ya ba da haƙuri. Ita ba ta ji abin da aka faɗa min ba, abin da na faɗa kawai aka kai mata. Na sa wayar a shiru na kifa ta.

Asabar, da hantsi

Ɗigo ta zo. Haka aka tsara, ba da ni ba, an dai aiko min da tsarin: duk Asabar kawunta, yayan uwarta, zai sauke ta a bakin ƙofa da safe ya dawo ya ɗauke ta da yamma. Ba ya ko kashe mota. Yana sauke ta yake jan abarsa, kada ido ya haɗu. Mutumin da ni na koya masa tuƙi.

Ta taga na hango ta. Katinta na rataye a wuya da igiyar nan mai ruwan hoda, duk ta manne shi da hotunan kifi. Ta yi ɗage ta ɗora, fitila ta yi kore, ta juya ta yi wa maigadi gwalo kamar kullum. Shekararta tara amma har yanzu ƙaramar aba ce, kamar ranar da na fara ganinta na sa mata sunan.

Mun soya ƙwai, ta ƙona nata ta ce nawa ne. Ta tambayi me ya sami ƙofar kabad, na ce ƙusa ce ta saki. Ta dube ni, ta dubi ƙofar. Irin kallon uwarta sak. Da na tambaye ta yadda suke a can, ta ce lafiya, an ce kada ta riƙa kai magana tana kawowa. An ce. Wato har an zaunar da ita an yi mata darasi a kaina.

Lahadi

Ba komai.

Litinin, da rana

Na sa lambar uwar Ɗigo a umarnin. A kan kwafi, gwaji kawai, don in ga yadda zai yi.

Layi biyar suka tafi. Ita, motarta, katinta, na san da waɗannan. Sauran biyun Ɗigo ce da katin Ɗigo.

Na daɗe ina kallo. Teburin yara gurbi ɗaya gare shi na mai kula da yaro, lamba ɗaya tak, ni na tsara shi haka don a lokacin ban ga amfanin biyu ba. Ranar rajista kuma ina wurin aiki, ita ta sauka ta yi, ta sa lambarta. Ko tambayata ba ta yi ba. Tun a lokacin ke nan.

Na dawo da kwafin yadda yake, na cire Ɗigo daga ƙarƙashin lambarta na sa ta ƙarƙashin tawa, na sake bugawa. Layi uku. Ɗigo ta tsira. Shi ke nan, aiki ya yi kyau, na rufe kwamfutar.

Talata, da yamma

An yi taron kwamiti a ɗakin ƙasa, kujerun roba da fanka mai kuka. Na nuna musu umarnin, na goge gidajen da suka tashi a gabansu, a rumbun gaskiya wannan karon. Sakatare ya ce ai shi ma haka ya so ya yi, lokaci ne bai samu ba. Na tambaye shi ko ya san bambancin tebur da kujera. Ciyaman ya ce a yi haƙuri da juna.

Sun kuma yanke cewa an sallami tsohon maigadi, za a kawo na kamfani masu kaki daga jibi, don wai tsohon ya san kowa, yana buɗe wa mutane da hannu. Ba ruwana.

Da aka tashi Ciyaman ya ja ni gefe, ya ce ba ya son shiga abin da ba nasa ba, sannan ya shiga har wuya. Wai doka doka ce, wanda ba ya kwana a ginin ba ya riƙe kati, amma in akwai alamar gyara sai a ɗan jira. Yana magana yana leƙen fuskata ko zai samu abin da zai kai wa matarsa. Na ce masa in lokaci ya yi zai gani a allo.

Laraba, da safe

Buroshinta yana nan a kofi. Na jefa a kwandon shara. Na ciro. Na sake jefawa.

Ba ni na ce ta tafi ba. Cewa na yi in ta ga dama, kuma kowa ya san ba ɗaya ba ne.

Alhamis, da yamma

Sababbin masu gadin sun fara. Na ƙofar gaba wani dogo ne mai fuska kamar an aiko shi karɓar gawa. Na ɗora katina ya yi kore a gabansa, duk da haka sai da ya tambaye ni lambar gidana. Ni. Na ce masa na'urar da yake tsaye yana gadi ni na haife ta. Ya ce shi dai umarni aka ba shi.

Mama ta kira. Shiru.

Asabar, da yamma

Ɗigo ba ta zo ba. Saƙo kawai daga kawunta, kalma uku: tana da mura. Ko sallama babu. Na rubuta amsa mai tsawo na goge, na rubuta gajera na goge, na tura masa "to". Na sayi ƙwai kiret guda saboda ita, ga su nan.

Litinin, da la'asar

Dole in rubuta wannan.

Na dawo daga aiki na tarar an shiga gidan. Ba ɓarawo ba, ɓarawo ya fi su kunya. Keken ɗinkinta babu, akwatunan saman kabad babu, labulen ɗakin kwana an cire an bar min ƙarfen tsirara. Wannan duk nata ne, ta kwashe, ko a jikina. Amma har da teburin karatun Ɗigo, wanda na haɗa da hannuna, da fitilarsa. An bar min alamar ƙafafunsa huɗu a kan kafet.

Na sauka na tambayi dogon. Ya ce wani mutum ne ya zo da motar kaya da rana, ya ɗora kati ya yi kore, shi kuma ba a ce ya tare mai kore ba. Na ce ya kamanninsa. Ya kwatanta min kawun Ɗigo har da sanƙonsa. Da katinta ya shigo. Ta ba shi katinta da makullina ya zo ya yi min yasa ina can ina neman abin da za a ci, ita ko zuwa ba ta iya yi ba, ta turo ɗan aike.

Na kira shi. Ya ɗauka ya ce, "Kayanta ne. In kana da magana ka zo gida ka faɗa a gaban manya, irin yadda ka faɗi waccan." Ya kashe.

Ban ma hau sama ba. Na shiga ɗakin masu gadi, na ture dogon daga gaban kwamfutar, na shiga rumbun, na sa lambarta, na buga. Allon ya ce an gama. Ban tsaya karanta komai ba, na fito. Ko minti biyu ban yi ba.

Ciyaman ya samu abin da yake so. Kowa ya samu.

Talata, da safe

Na yi barci sosai, rabon da in yi irinsa tun kafin ranar nan. Duk wanda ya ce zan yi nadama bai san ni ba.

Alhamis

Na kira mai gyara saboda ƙofar kabad, ya ce sai wani mako. Kowa sai wani mako.

Asabar, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Na tashi da wuri na share gidan, na ja kujera na rufe alamar da ke kan kafet. Ba wanda ya ce min za ta zo ko ba za ta zo ba, don haka na ɗauka murar ce har yanzu. Na shiga wanka, na fito na kwanta da rediyo. Wayar tana kife a kicin, a shiru, kamar yadda take tun da Mama ta fara.

Rana ta take sosai aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, matar hawan sama ce riƙe da hannun Ɗigo, ɗaya hannun da kayan cefanenta. Fuskar yarinyar duk gumi, leɓenta ya bushe, katin yana dunƙule a hannunta, ta cire shi daga wuya. Matar ta ce ta dawo daga kasuwa ta same ta zaune a kan dakalin waje, a rana. Kawunta ya sauke ta ya wuce yadda ya saba. Ta ɗora kati ya yi ja, ta sake ya yi ja. Dogon bai san ta ba, ya duba a kwamfuta bai ga sunanta a ko'ina ba, ya ce ba a barin baƙo ya shiga sai mai gida ya amsa, ya yi ta kirana. Matar ce ta sa hannu ta shigo da ita a matsayin baƙuwarta.

Na jira ta ƙara wani abu, ta yi min wa'azi, in samu inda zan sauke abin da ke cikina. Ba ta ƙara ba. Ta shafa kan Ɗigo ta hau sama abinta. Ban taɓa tsanarta kamar yau ba.

Na duba wayar. Ban ƙirga kiran ba.

A tsaye a kicin na gane. Canjin da na yi, na mayar da Ɗigo ƙarƙashin lambata, a kan kwafi na yi shi. Kwafin da ke kwamfutata ta ofis. A rumbun gaskiya tana nan inda uwarta ta sa ta, kuma ranar Litinin layi biyar suka tafi. Allon ya rubuta min adadin ƙuru-ƙuru, ni ne ban duba ba.

Na ba ta ruwa ta shanye, na ƙara ta shanye. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ajiye kofin ta ce, "Baba, mai gadin ya ce babu ni a gidan nan. Kai ka cire ni?"

Na ce kuskuren na'ura ne.

Ta ce, "Ai kai ka yi na'urar."

Na fara yi mata bayani, tebur huɗu, lamba, kwafi, har ina zana mata a bayan kwalin shayi. Ta saurara har na gama. Sai ta tambaya ko Mama ma kuskure ne. Na ce ta je ta wanke fuskarta.

Na sauka da ita ɗakin masu gadi. Na mayar da sunanta, ƙarƙashin lambata, a gabanta, na nuna mata a allo harafi harafi. Tsohon katin kam ya mutu, dokar da suka sa ni na rubuta ce, wanda aka goge ba ya dawowa, na gwada duk da na sani, ya yi ja. Na ciro sabo fari daga aljihun tebur na haɗa mata, na ce ta gwada. Ta ƙi miƙo hannu. Na ɗora da kaina ya yi kore, na ce ta gani, ya fi tsohon ma, za mu sayi wasu kifayen mu manna. Dogon yana tsaye yana ta ba da haƙuri, na ce ya rufe min baki.

Ta ce ba ta so. Na ce to yaya za ta riƙa shigowa.

"In na zo a kira ka, ka sauko."

Ba mu soya ƙwai ba. Ta zauna a ƙasa inda teburinta yake dā, ta ture kujerar da na sa, ta yi aikin makarantarta a kan cinya. Da yamma kawunta ya yi hon ta tafi da mataccen katin a aljihu. Sabon yana nan kan firji.

Lahadi, da rana

Uwarta ta kira, karo na farko. Na ɗauka. Na shirya mata amsa tun jiya, kala-kala, har da ta teburin karatu. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya ko yarinyar ta ci wani abu a wurina jiya, don ta ƙi cin na dare. Na ce a'a. Na ji keken ɗinki a bayanta ya tsaya. Ta ce to, ta kashe.

Laifin kawun ne da ba ya iya jiran minti ɗaya ya ga yarinya ta shiga. Laifin Ciyaman ne da dokarsa, da sakatare, da dogon nan mai kan katako. Na rubuta su duka, na karanta, kuma duk gaskiya ne.

Laraba

Na ƙara gurbi na biyu a teburin yara. Ba wanda ya sa ni. Na Ɗigo na biyun wayam yake.

Na cire wayar daga shiru. Mama ta kira, na ɗauka, ta yi ta yi, na ce na ji.

Asabar, da hantsi

Na sauka tun da wuri na tsaya daga cikin ƙofa. Dogon ya kawo min kujera na ce ba na so. Ciyaman ya wuce da motarsa ya sauke gilashi zai yi magana, ya ga fuskata ya mayar.

Motar kawun ta tsaya. Yau ya kashe ta, ya zauna a ciki yana kallon gabansa. Ɗigo ta fito da jakarta, wuyanta ba komai. Ina tsaye tsakanina da ita ƙarafan ƙofa ne kawai, ta gan ni sarai. Ba ta kalli na'urar ba, ba ta kalle ni ba, ta je tagar masu gadi ta yi ɗage ta gaishe da dogon, ta faɗa masa lambar gidanmu, ta ce a kira mata babanta.

Dogon ya dube ni. Na ce ya yi abin da aka ce masa.

Ya danna. Wayar ta yi ƙara a aljihuna, na ciro na kara a kunne, muna kallon juna ni da shi. Ya ce, "Yallaɓai, kana da baƙuwa."

Na ce 'yata ce, ga ni nan zuwa.